Igiyar Labule

Nasarawan Doya, ƙasar Makarfi
Ranar Laraba

Zuwa ga ɗana Zayyad, a Legas.

Tun shekarar da aka ce motoci su bar hannun hagu su koma dama ban ƙara sa an rubuta mini wasiƙa ba sai yau. Waccan ubanka na aika wa, yana cin rani a Jos, na ce ya dawo gida. Ga ta biyu nan, ita ma a kansa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya Farida da yara, yaya kuma mai jiki? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ruwa ya yi, masara ta yi goyo, rake ya fi mutum tsawo. Gwiwata ce kawai take mini gardama in zan tashi daga sujada. Innarka Hajo ce ke rubutawa da ɗan bokon da ta samo a yaƙi da jahilci. In ka ga layi ya karkace, ita ce. In ka ga magana ta yi kaushi, ni ne.

Kada ka ce don me ban kira ka a waya ba. Kunnena ba ya kama ta, kuma maganar waya ana gama ta ta bi iska. Takarda kuwa kana iya sake buɗewa.

Yau wata uku da ka zo ka tafi da ƙanena Inuwa, bayan ciwon nan da ya nauyaya masa harshe da ƙafar hagu. Ban hana ka ba. Ubanka ne, kuma manyan likitoci suna wajenku. Amma Bobbo direba, mai kai tumatirin garin Kudan can, ya ce ya biya ya gaishe shi, ya tarar ya rame, idanu sun faɗa, yana zaune a kujera mai laushi kamar wanda aka manta a tasha. Ya ce abinci ma sai an yi ta lallashi.

Na ba Bobbo ɗaurin rama guda. Ta bara ce, ni na jiƙa ta a rafi, na ɓare ta, na shanya a rumfa. Akwai kuma mazarƙwaila, wannan ta yara ce.

Ga yadda za ka yi. Bayan la'asar ka shimfiɗa masa tabarma a ƙasa, ba kujera ba. Ka ajiye ƙwarya da ruwa a damansa, ramar a hagunsa. Ka naɗe masa ƙafar wando har cinya. Shi ke nan. Kada ka tambaye shi komai, kada ka tsaya masa a ka.

Wannan ba shawara ba ce.

Baffanka,
Muhammadu Auwalu

Ni Hajo na ƙara da nawa, bai sani ba. Shi ma tun da aka tafi da ɗan'uwansa, la'asar na yi sai ya hau zagaye gida yana neman wanda zai yi wa faɗa. Jiya akuya ya samu.

*

Legas
Ranar Lahadi

Zuwa ga Baffa, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Wa alaikumus salam. Na sami takarda da saƙo, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Farida tana gaishe ku, yara sun cinye mazarƙwaila a kwana biyu har suna tambayar ko akwai saura. A gaida Inna Hajo, rubutunta ya fi na wasu ma'aikatan ofis ɗinmu kyau.

Jikin Baba da sauƙi ta wajen hawan jini, likita ya ce ya sauka. Ƙafar ma yana jan ta zuwa banɗaki da kansa. Maganar ce har yanzu ba ta fita sosai, sai kalma ɗaya-biyu, mu yi ta canka.

Baffa, ka kwantar da hankalinka, ba abin da muka rage shi da shi. Ɗakinsa da na'urar sanyi. Na sayo masa kujerar da ake kwantar da bayanta, da talabijin, na kama masa tashar da ake karatun Alƙur'ani dare da rana. Farida tana dama masa kunu irin na gida. Likita ya ce abin da yake bukata shi ne hutu, ya yi wahala shekara saba'in, ya isa haka.

Maganar rama, ka yi haƙuri, na sa a sito tukuna. Tana da ƙura da ƙaiƙayi, ga shi yana ɗan tari. Kuma gidan bene ne, ƙasa tayil ce mai sanyi, in ya zauna ƙasa tashi zai yi masa wuya. Ban da haka, Baffa, me mutane za su ce in sun shigo sun tarar na ajiye mahaifina a ƙasa yana tufka, kamar na kasa ciyar da shi? Igiya in ana so ga ta nan ta roba a kowane shago.

Abu ɗaya ne ke damuna. Da zarar an yi la'asar sai ya rikice. Ya ƙi kujera, ya ƙi gado, ya zauna a gefen katifa yana ta murza tafin hannunsa a cinya, gaba da baya, gaba da baya, har wurin ya yi ja. In an riƙe hannun sai ya fizge. Likita ya ce irin wannan ciwon yakan bar wa mutum motsin da bai san yana yi ba, ya ƙara masa wata ƙwaya.

A ci gaba da sa mu a addu'a.

Ɗanka,
Zayyad

*

Nasarawan Doya
Ranar Asabar

Zayyad,

Bayan sallama da gaisuwa, da fatan kuna lafiya kamar yadda muke. An fara karyar masara a fadama. Gaisuwar ta tsaya nan, don raina a ɓace yake.

Hajo ta karanta mini takardarka sau biyu, na ce ta ƙara na uku ko kunnena ne. Motsin da bai san yana yi ba? Ka je ka tsayar da ko wane mai garma tsakanin nan da Saulawa ka nuna masa mutum yana murza hannu a cinya, zai gaya maka tufka yake yi. Hannun ubanka ya san aikinsa sarai. Abin da zai murza ne kuka hana shi.

Laifina ne. Tun kana ɗan shekara goma sha ɗaya aka kai ka makarantar kwana, in ka zo hutu da yamma kana filin ƙwallo. Ka sha ganin mu biyu a gindin tsamiya, ni ina tsaga rama ina miƙa masa, shi yana murzawa, ka ɗauka zaman tsofaffi ne marasa aikin yi.

Ka ce me mutane za su ce. Wane mutane? Waɗanda ba su san sunan kakanka ba?

Ban ce ka daina ba shi maganin likita ba. Ka ba shi. Amma ka fito da ramar nan daga sito yau ɗin nan da takardar ta same ka. Na san Inuwa tun ranar da aka yanke masa cibi. In ba ka ba shi ba, zai nemo igiyarsa da kansa, kuma ba zai tambaye ka ba.

Na gama.

Muhammadu Auwalu

*

Legas
Ranar Alhamis

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Ka gafarce ni, gaisuwata ba za ta yi tsawo ba.

Takardarka ta yi kwana goma sha biyu a hanya, motar Bobbo ta lalace a wajen Jebba. Yau da safe ta iso. Da jiya ta riga ta zo, wataƙila da na san abin da zan tsare.

Jiya Farida ta shiga gyara ɗakin Baba, ta ga labulen taga ɗaya babu. Ta ɗaga katifa. Baffa, igiya ta samu. Ya yayyaga labulen siri-siri, ya tufke shi, ta kai gaba uku, ƙarfinta kuwa na ja da hannu biyu ko gezau. Kuma a bakinta ɗaya ya yi zagaye, kamar zarge. Ɗakin akwai fanka a sama, akwai ƙarfen taga. Ba sai na faɗi abin da ya zo mini a rai ba.

Da na ɗauke ta ya kamo rigata, yana ta son magana ba ta fita. Na ɓamɓare hannunsa. Ban taɓa ganin hawayen Baba ba sai jiya, ko ranar da mahaifiyata ta rasu bai yi a gabana ba.

Sai ga takardarka yau, ka ce zai nemo igiyarsa da kansa kuma ba zai tambaye ni ba. Na karanta layin nan ya fi sau ashirin. Ashe ka san wani abu. Baffa, don girman Allah ka gaya mini gaskiya: ya taɓa gwada halaka kansa ne? Tun ina yaro nakan ji tsofaffi sun ce “tun abin rijiya”, in na matso sai su yi shiru. Mene ne abin rijiya?

Na kwashe komai daga ɗakin. Ɗayan labulen, zanen gado, zariyar wandonsa, har carbinsa, don zarensa mai ƙarfi ne. Na sa an kwance fanka. Ni da Farida muna karɓa-karɓar zama a bakin ƙofa. Tun daga lokacin ya juya fuska bango. Kunu ma sai kurɓi biyu ya ture.

Na kira wayar maƙwabcinku Malam Zakiyyu, malamin firamare, ya kai maka. Ba ka ji abin da nake faɗa ba, kana ta cewa “ka ba shi rama”, har layin ya yanke. Rama, Baffa? In ba shi abin da zai yi wata da hannuna?

Likita ya ce a kai shi asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa, inda za a sa masa ido, a ba shi maganin da zai kwantar da shi. Ba gado sai Litinin ta sama, kwana goma sha ɗaya daga yau. Na sa hannu a takarda. Na ji an ce waɗanda ba sa natsuwa akan ɗaure musu hannu a jikin gado. Ban san yadda zan kalli wannan ba, amma gara in gan shi a ɗaure da in gan shi a rataye.

Na ba direban motar fasinja wannan don ta yi sauri.

Zayyad

*

Nasarawan Doya
Ranar Litinin

Ɗana Zayyad,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya. Allah ya ba mai jiki sauƙi, ya ba ku ladan jinya, kai da Farida. Na san tsoro ne ya sa ka, ba ƙeta ba. Amma ka karɓe wa mutum carbinsa, Zayyad? Je ka mayar masa kafin ka ci gaba da karatu. Takardar za ta jira ka.

Ubanka bai taɓa neman halaka kansa ba, ko sau ɗaya. Abin da na ce shi nake nufi: in ba rama zai tufka abin da ya samu. Ya taɓa tufka bawon ayaba da tsumman buhu a shekarar da tsutsa ta cinye mana rama.

Ka tambayi abin rijiya. Kakanka ya hana a faɗe shi, muka rufe baki fiye da shekara hamsin. Shi ya sa ban yi maganar a wayar Zakiyyu ba, yana tsaye a kaina da kunnuwa kamar faifai. Yau zan faɗa, Allah ya yafe mini saɓa wa mahaifi.

Mu uku ne maza a ɗakinmu. Ni, Inuwa, da autanmu Ɗayyabu. Ba ka taɓa jin sunansa ba sai a sunan ƙanenka da ya rasu yana jariri. Bayan shekarar motocin nan aka yi fari. Rijiyoyi suka ƙafe, mata suna tafiya tun asuba su dawo da tulu rabi. Muka ce mu yashe rijiyar gidanmu mu ƙara mata zurfi. Ɗayyabu ne mara nauyi, shekararsa goma sha bakwai, shi ke shiga. Inuwa ne mai ƙarfi, shi ke riƙe igiya. Kwana huɗu muna fid da ƙasa. A na biyar, wajen la'asar, Ɗayyabu ya yi kira daga ƙasa wai ya ga danshi, a jawo shi ya sha fura. Har yana waƙa. Ya zo saura kamar gaba biyu, muna ganin tsakar kansa, igiyar ta tsinke.

Guntun ya rage a hannun Inuwa. Sai da aka yi jana'iza aka dawo kafin aka iya buɗe yatsunsa.

Wata biyar bai yi magana ba. In la'asar ta yi jikinsa ya ɗauki ɓari, haƙora na haɗuwa. Aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, wasu suka ce a sa masa mari a kai shi gidan mai magani a Paki. Har an zo da maƙeri. Kakanka ya fito ya ce ba mai sa wa ɗansa ƙarfe. Ya ja shi gindin tsamiya, ya zaunar da shi a ƙasa, ya ajiye ruwa a ƙwarya, ya jiƙa rama ya ɗora masa a cinya, ya kama hannunsa ya murza. Ya ce, “Yi mana wadda ba za ta tsinke ba.” Ni kuma ya ce in zauna ina tsaga masa.

Ranar ɓarin bai zo ba. Da ya kai gaba goma, ya buɗe baki ya ce mini, “Yaya, miƙo.” Maganarsa ta farko ke nan.

Tun daga nan ba la'asar da ta wuce shi ba rama a cinya, sai ranar da ciwon nan ya kayar da shi. Ranar aurensa ma sai da ya sulale ya yi kamu biyu. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Duk rijiyar da ka sani a Nasarawan Doya ta sha igiyarsa, har Saulawa da Paki ana aikowa. In ya ji an ce igiyar gidan wane ta fara saɓulewa, ba ya iya cin tuwo sai ya kai sabuwa. Wasu suna samun natsuwa a shan shayi, wasu a rediyo, wasu a kiwon tantabara. Shi nan Allah ya ajiye masa tasa. Ka ɗauke shi ka kai shi inda ba rama, ba ƙasa, ba tsamiya, ka ce ya huta. La'asar kuwa ta bi shi har Legas.

Yanzu kada ka yarda da ni don ni baffanka ne. Ɗauko igiyar labulen ka duba da kanka. Sili uku ce, ba biyu ba, haka yake yi wa rijiya. Zagayen nan da ya tsorata ka, sa yatsunka ciki. Uku za su shiga, na huɗu ba zai shiga ba. Sannan ka ja shi da ƙarfinka. Zarge gudu yake in an ja shi, ya shaƙe. Wannan ba ya motsi, don a cikin tufkar aka mayar da bakinsa. Wurin ɗaura guga ne. Da shi yake fara kowace igiya.

In ka tarar ba haka ba, ka kai shi asibitin, ba zan ƙara cewa uffan ba. In haka ne, kada ka bari a ɗaure hannun nan. In aka ɗaure shi da la'asar, abin da kuke tsoro a igiya shi zai same shi a kan gado, ba tare da igiya ba.

Kuma ban ce ka bar shi shi kaɗai ba. Da na ce kada ka tsaya masa a ka, ban ce kada ka zauna ba. Zauna a ƙasa kusa da shi. Dama aikin na mutum biyu ne.

Bobbo zai tashi jibi. Na ce masa in motarsa ta sake mutuwa ya bar tumatirin ya ruɓe ya hau wata.

Baffanka,
Muhammadu Auwalu

*

Legas
Ranar Talata

Baffa, Allah ya ja kwana.

Assalamu alaikum. Muna gaishe ku, muna gaida Inna Hajo. Bobbo ya iso ranar Lahadi da azahar, ana gobe za a kai Baba. Har na riga na haɗa masa jaka.

Na mayar da carbin kafin in gama karatu, kamar yadda ka ce. Sannan na ɗauko igiyar. Yatsa uku, Baffa. Na huɗu ya ƙi. Na saƙala zagayen a ƙarfen ƙofa na ja har na faɗi zaune, bai motsa ba. Farida na tsaye tana kallona, ta ce, “Abban yara, ashe guga muka yi kwana goma muna gadi.” Muka yi dariya, daga nan kuma ta koma kuka.

Na ruga sito in ɗauko ramar. Nan na ƙara yin wani kuskuren. Sitonmu yana yoyo, damshin garin nan ya shige ta, ta yi baƙi tana wari. Na zaɓi wadda na ga kamar da dama na kai masa. Ya shinshina, ya ɗora a cinya, ya murza, ya ja don ya gwada. Ta tsinke a hannunsa. Baffa, da ban karanta takardarka ba da ban san abin da na gani a fuskarsa ba. Jikinsa ya ɗauki ɓari, haƙora na haɗuwa, daidai yadda ka faɗa.

Farida ce ta yi dabara. Ta kwashe ramar, ta ɗauko igiyar labulen ta ɗora masa a cinya, ta kawo ragowar ƙyallen da ruwa a kwanon sha. Na shimfiɗa dardumar salla a ƙasa, muka sauko da shi. Na zauna ina yaga ina miƙawa. Ban iya ba, wani ya yi faɗi wani ya yi siriri, yana ta hararata yana gyarawa da haƙori. Kafin magariba ɓarin ya tsaya. Ya sha kunu rabin kofi.

Jiya na je na gaya wa likita komai. Ya ce a ɗaga kwanciyar mako biyu a gani, da sharaɗin kada a bar shi da igiyar in ba mutum, kuma ya ci abinci. In nauyinsa ya ƙara raguwa dole a kwantar da shi. Ni ma, in faɗa maka gaskiya, tsoron bai gama sakina ba.

Ga matsalar. Yana tufkar, amma ba ya cin abin kirki. In na miƙa masa sai ya karɓa ya dube ni, ya dubi bayana, kamar yana neman wani. Jiya ya yi magana sarai, kalma biyu, har Farida ta ji daga kicin. Ya ce, “Ina Yaya?”

A aiko mana da wata ramar, don Allah. Kuma ka yafe mini.

Ɗanka,
Zayyad

*

Nasarawan Doya
Ranar Juma'a, bayan an sauko masallaci

Ɗana Zayyad,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke. Na yafe maka duniya da lahira, dama ba ka yi mini komai ba. Ka gaida Farida, ka ce mata na ce ta fi ka kai, kuma ba wasa nake ba.

Wannan takardar ba za ta bi mota ba. Na ce Zakiyyu ya ɗauki hotonta da wayarsa ya tura maka, ya ce kafin in kai ƙofar gida ta iso. In shi Zakiyyun ya karanta ya karanta. Na gaji da ɓoyo.

Ramar bana tana cikin ruwa, ba ta nuna ba. Jiya na hau babur har Paki wurin dangin Hajo, na samo ɗauri biyu busassu, na gwada kowanne da ƙafa da hannu. Amma ba zan ba Bobbo ba.

Akwai abin da na rage a labarin rijiya. Hajo ta ajiye alƙalami ta ce sai na faɗa za ta ci gaba, don ita ta sani, na taɓa faɗa cikin zazzaɓi. Igiyar da ta tsinke ni na aro ta. Na ga inda ta yi baƙi a tsakiya, wurin da ta kwana a damshi. Na murza wurin da yatsa, na ce za ta kai mu kwana biyar. Ban gaya wa kowa ba. Da abin ya faru, kowa ya ga guntu a hannun Inuwa, ba wanda ya tambayi wa ya kawo. Shi ma bai tambaya ba. Ya ɗauka jan da ya yi ne ya yi gaggawa. Ni na kira shi daga Jos, ni na miƙa masa igiyar, na bar shi da kayan shekara hamsin.

Kana tsammanin don shi kaɗai nake zama gindin tsamiya? In ina tsaga rama ina duba kowane sili, nan ne kawai ƙirjina yake sauka. Wata huɗu ke nan ban tsaga wa kowa ba.

Kada ka karanta masa wannan. Ba a takarda zai ji ba.

Ban taɓa wuce Kaduna ba, na kuma sha rantsuwa ba abin da zai kai ni garin da ba a ganin ƙasa. Zan yi kaffara. Bobbo ya ce kwana biyu ne in mota ta ga dama, ya ce gaba akwai wuri kusa da shi. Hajo ta ce gwiwata ba za ta kai ba. Na ce ba da gwiwa ake zama a mota ba.

Kafin in iso, kada la'asar ɗaya ta wuce shi. In ƙyallen ya ƙare ku yaga ɗayan labulen, taga ba ta jin kunya. Ka riƙa yagawa faɗin yatsa biyu, kuma ka daina miƙa masa ta dama, ta hagu ake miƙawa. Ku nemo tabarma ta gaske. Ka ce masa Yaya na hanya, ya ci tuwo, don ba zan zauna kusa da mai jin yunwa ba.

Gobe in Allah ya kai mu, ina idar da sallar asuba zan biya gindin tsamiya in ɗauki ƙwaryarsa, tana nan a rataye inda ya bar ta. In ɗora ramar a ka, in tari Bobbo a bakin titi.

Baffanka,
Muhammadu Auwalu